Inuwa a Kan Akwatin Gunvor

"To ki sare ta mana! Ga zarto can a rataye a rumfa, wa ya riƙe miki hannu?"

Oddny ta ajiye wuƙar burodi, ta tsaya cak. Ba sai ta kara kunne ba. Bangon na katako ne, mahaifinsu ya kafa shi da hannunsa ranar da ya raba gidan biyu tsakaninta da yayarta Gunvor, kuma tun daga ranar babu tarin da aka yi a wancan ɓangare bai iso wannan ba.

"Ni ban ce zan sare ba." Muryar Gunvor ce, can ƙasa-ƙasa, irin wadda take yi in ranta ya kai maƙura. "Cewa na yi baƙuwar nan tana cikin jirgin ruwan safe, kuma in ta gani za ta ce a sare."

"Ta ce a sare! A gidan uban wa? Ita ta shuka? 'Yar Finland za ta taso daga ƙasarsu mai bishiya kamar gashin kai, ta zo tsibirin da ke da bishiya ƙwaya ɗaya tal, ta ce ita ce ta tsone wa duniya ido?"

"Eilif, rage murya. Oddny na ji."

"Ta ji mana. Wane aiki gare ta da ya wuce ji?" Aka daki bangon da tafin hannu har cokulan da ke rataye suka yi ƙara. "Ina kwana, Oddny! Kina ji sosai, ko in ƙara ɗaga murya?"

"Ina jinka sarai, tsohon banza," in ji Oddny, amma a hankali, don kada ta ba shi gaskiya.

Daga nan sai ƙarar ƙofa, sai takun Gunvor a kan tsakuwa tana hawa tudun bayan gida. Lokacin awon yanayi na safe ya yi, kuma ko gidan na ci da wuta Gunvor ba ta barin awo ya jira ta.

Duk wanda ya san Gunvor, da akwatin nan ya san ta. Farin akwati ne mai ƙafa huɗu, jikinsa tsage-tsage don iska ta ratsa, yana tsaye a kan tudu tun zamanin kakansu. A ciki akwai ma'aunan zafi da sanyi da danshi, a gefensa mazurarin da ke tara ruwan sama. Kakansu ya buɗe shi safe da rana da yamma har ya mutu, mahaifinsu ya gada, kuma fiye da shekara ɗari ba a taɓa gusar da shi ba. Suna yara uban kan ce musu, "In kun ga na buɗe ƙofar nan, akwai wani a Ireland yana buɗe tasa, wani a Kanada, wani a cikin jirgi a tsakiyar teku. Ba mu san juna ba, ba ma jin yaren juna, amma tare muke sunkuyawa. In ɗayanmu ya yi ƙarya, duk ya sa mu ƙarya."

Aikin bai tsaya a cikin akwati ba. In mai awo ya gama karanta ma'auni, sai ya miƙe ya dubi sama ya faɗi irin gajimaren da ke akwai, sannan ya juya ya dubi teku ya faɗi iya inda ido ke kaiwa. Akwai alamomin da ake dubawa: dutsen tsuntsaye, hasumiyar fitila ta bakin mashigi inda jirage ke shigowa, da wani tsauni can nesa a babbar ƙasa da ke tsallaken teku. Ranar da uban zai zaɓi magajiya, ya tsayar da su biyun a kan tudu ya ce, "Har ina kuke gani?" Oddny ta ce, "Har can." Gunvor ta yi ta kallo har Oddny ta fara jin kunya a madadinta, sannan ta ce, "Fitila ina ganinta. Tsauni kuwa ina jin don na san yana wurin ne nake ganinsa." Uban ya miƙa mata mabuɗi. Oddny ta samu ɓangaren gida mai sanyi da aikin gidan waya, har ranar da aka rufe gidan wayar. Ta ce ita ba ta damu ba, kuma ta daɗe tana faɗin haka har ta kusa yarda.

Gunvor ta auri Eilif, masunci mai baki kamar rediyo, mutumin da ke iya yin musu da kujera. Suka haifi Ragna, wadda ta yi aure a birnin Bodø can babbar ƙasa, da Tormod, wanda ya ɗauko bakin uban da idon uwar. Yana saurayi ya sayi wani ƙaramin jirgin kamun kifi shuɗi, wanda ake gane tarin injinsa tun daga bakin mashigi. Wata safiya ya fita, ya ɗaga wa uwarsa hannu tana kan tudu, ita ma ta ɗaga masa da fensir a tsakanin yatsu. Iskar da ta taso da rana ba ta fi ƙarfin jirgi ba, kowa ya faɗi haka. Amma bai dawo ba. Ba a ga jirgin ba, ba a ga ko takalmi ba. Fasto ya zo da maganar a kafa dutse da sunansa a maƙabartar coci, kamar yadda ake yi wa waɗanda teku ta riƙe. Gunvor ta zuba masa kofi, ta saurare shi har ƙarshe, ta ce, "Ba a rubuta abin da ba a gani ba." Ba a kafa dutsen ba.

Da sanyi ya wuce, Eilif ya dawo daga babbar ƙasa da ɗan tsiro a cikin bokiti. Kowa ya yi masa dariyar tausayi, don a tsibirin nan babu abin da ke wuce gwiwa, iska mai gishiri tana aske komai. Amma Eilif ya gina wa tsiron katangar dutse, ya riƙa binne kawunan kifi a gindinsa, in ƙanƙara ta sauko ya naɗe shi da tsohon tamfol kamar mai jinya. Abu ya kama. Mutane suka ce ai kabarin ɗansa ke nan, mata sukan sauke murya in sun wuce wurin.

Oddny, wadda tagar kicin ɗinta ke kallon tudun, ta ga abin da sauran ba su gani ba. A da, duba teku ba ya ɗaukar Gunvor wani lokaci. Bayan Tormod sai ta riƙa tsayawa har kofi ya huce, har dankali ya kama a tukunya. Da wata mace ce take kafa wa bakin mashigi ido haka, da tuni an kira mata likita. Amma wannan aiki ne, ƙasashen duniya ne ke jira. Wa zai ce wa mai awo ta daina duba iya inda ido ke kaiwa?

Kuma Oddny ta lura da inda aka shuka bishiyar. Ba a jikin gida ba inda akwai kariya, ba kusa da coci ba, sai tsakanin akwatin da bakin mashigi, daidai saitin ido. Shekarun farko Gunvor na kallo ta samanta. Da bishiyar ta kai kafaɗa, sai ta riƙa yin ɗage. Daga baya ta jawo akwatin kifi tana takawa. Yanzu bishiyar ta wuce rufin gida, ta baza rassa ta ko'ina, in ka tsaya inda mai awo ke tsayawa ganye kawai za ka gani da jajayen 'ya'ya. A gidan ba wanda ya taɓa furta wannan. Sun yi faɗa a kan gishirin miya, a kan rediyo, a kan komawa Bodø kusa da jikoki, abin da Eilif ke nema dare da rana, amma ba a kan bishiyar ba. Sai makon nan.

Baƙuwar ta sauko daga jirgin safe rungume da wata jaka mai ƙarfe a gefuna, kamar mai ɗauke da jinjiri. Sunanta Kaisa, ƙaramar mace mai guntun gashi. A cikin jakar akwai ma'aunin gwaji da ke zagaya ƙasa-ƙasa, ana kara shi da na kowace tasha, don a tabbatar sanyin da aka auna a Iceland daidai yake da sanyin da aka auna a Scotland. Tana jin yarensu, sai dai da nauyin harshe, kuma ba ta gama gaisuwa ba Eilif ya fara kwaikwayonta a bayan idonta.

Ta yi hantsi a kan tudu ita da Gunvor. Ta buɗe akwati, ta jera kayanta, ta jira, ta rubuta. Ta zaga bishiyar, ta ɗaga kai ta dubi ƙololuwarta, ta dubi inuwar da ta kwanta a kan farin akwatin kamar an rufa masa bargo. Oddny ta ga duk wannan ta taga. Da ta ga sun sauko, ta cika faranti da wainar kifi, ta zagaya ta ƙwanƙwasa ƙofar yayarta.

"Ga babban kunne ya iso," in ji Eilif. "Zauna, Oddny, yau ba sai ta bango ba."

Suna cikin ci Kaisa ta goge baki ta ce, "Ma'aunanki lafiyarsu ƙalau, Gunvor. Na zaga tashoshi da yawa, ban ga mai tsabtar taki ba. Bishiyar ce. Tana rufe akwatin da rana, tana tare iskar teku, in ruwa ya zo daga yamma rabinsa a ganye yake tsayawa. Tashar tsibiran Faroe na faɗin abu ɗaya, ta tsibiran Shetland na binta, taki na faɗin wani abu dabam. Kuma kowace shekara tana ƙara nisa da su."

"To sai me?" in ji Eilif, bakinsa cike. "In tamu ta yi ƙarya a tambayi ta Faroe ɗin."

"Irin wannan tasha ba su da yawa a duniya. Wurin da aka yi shekara ɗari ana awo a guri ɗaya, gari bai kewaye shi ba, ba a zuba kwalta ba. Da su ake gane ko duniya ce ke ɗumama, ko kuwa wurin awon ne ya sauya."

"Saboda haka kin zo da umarni a sare," in ji Gunvor.

Ba tambaya ba ce. Oddny ta ji rawa a muryar, ta ɗaga kai. Ta san yayarta tun ba su iya ɗaura takalmi ba, kuma wannan rawar ba ta tsoro ba ce. Irin ta mai jiran kyauta ce.

Kaisa ta zaro ido. "Umarni? A'a. Mu ba mu da ikon ba kowa umarni. Ƙasashe ne suka yarda su haɗa awonsu, amma kowa da gidansa. Roƙo kawai muke yi. Bishiyarku ce, ku za ku yanke shawara."

Fuskar Gunvor ta yi fari kamar jikin akwatin.

"In ba a sare ba fa?" in ji Oddny.

"Sai in koma in ce a cire tashar daga cikin tsofaffi. Daga nan za a kafa na'ura a matsayar jirgi, mai aikawa da kanta. Dama don kada a sauya yadda ake awon ne aka bar mutum a nan."

"To a matsar da akwatin mana, tudun ai da faɗi."

"In aka matsar ya zama sabo, shekara ɗarin ta yanke. Sabuwar tasha kuwa na'ura ake sa wa." Kaisa ta dubi Gunvor, ta ga halin da take ciki, ta so ta sanyaya mata zuciya. "Kada ki ga laifin kanki. Da ba ki miƙe a taron masu awo na bara kin faɗa mana zancen bishiyar nan ba, da mun ƙara shekaru muna zargin ma'auni. Ba kowa ke kai ƙarar tasharsa ba."

Eilif ya ajiye cokali a hankali. Oddny ba ta taɓa ganin ya yi wani abu a hankali ba.

"Taron bara," ya ce. "Wanda kika ce min zancen sababbin mazurarai aka yi."

Kaisa ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta gane ta taka abin da ba ta gani ba. Ta ce bari ta je ta harhaɗa kayanta kafin jirgin yamma, ta fice. Oddny ta san ya kamata ita ma ta tashi. Ba ta tashi ba. Shekaru tana jin faɗansu, yau ce ranar farko da za ta ga fuskokin.

"Kika tsallake teku," in ji Eilif, "kika tara ƙasashe a ɗaki guda, don a zo a sare miki bishiya. Kina da baki, Gunvor. A gefenki nake kwana."

"Da na faɗa maka me za ka ce?"

"In ce a'a!"

"To ka gani."

"Ɗanki ne fa a wurin."

"Ɗana ba ya wurin. Kawunan kifi ne a wurin." Ba ta ɗaga murya ba. "Ka ɗauka ban ga abin da ka yi ba ranar da ka haƙa ramin? Ina tsaye a tagar nan. Ka je bakin akwatina, ka tsaya inda nake tsayawa, ka rufe ido ɗaya, ka saita fitila. Sannan ka ɗauki shebur."

Oddny ta jira ya ƙaryata, ya daki tebur, ya kira Allah shaida. Bai yi ba. Kafaɗunsa suka sauka, sai ga shi tsoho.

"E, na saita," ya ce. "Teku ta ɗauke min ɗa, ina kallo kuma tana jan matata ta ido, safe da rana da yamma. Na ce in na rufe miki wurin, wata rana za ki juyo ki ga akwai mutum a gidan nan. Akwai Ragna. Akwai yara can da ba su san kakarsu ba sai muryarta a waya, ita ma tana cewa lokacin awo ya yi."

Gaskiya ya faɗa, amma ba duka ba, kuma Oddny ta san ragowar. Eilif mutum ne da ba ya iya zama a ɗakin da ba a kallonsa. Ya yi kishin akwatin tun suna amarci, da ɗansa ya ɓace sai ya koma yana kishin ɗan. Tausayi ne ya haƙa ramin, amma ba tausayi kaɗai ne ya yi ta ɗaukar kawunan kifi zuwa kan tudu duk shekarun nan ba.

"Ka binne shi ba ka tambaye ni ba," in ji Gunvor.

"Wani ya kamata ya binne shi!" Ya miƙe, kujera ta kife a bayansa. "Ki ji ni da kyau. In bishiyar nan ta faɗi, jirgin yamma da ni zai tashi. Ba zan zauna in ga kin koma gunki ba." Sai ya yi wata busasshiyar dariya. "Amma ba za ta faɗi ba. Zarton nan mutum biyu yake so, kin kuwa san ba ni zan kama miki ɗaya gefen ba. Ki kira ƙasashen naki su kama."

Ya shige ɗaki, aka ji yana jawo jaka daga ƙarƙashin gado da ƙarfi, don a ji.

Zarton kakansu ne, dogo mai mariƙi biyu, wanda ake yanka gungumen da teku ke korowa gaɓa. A tsibirin da ba bishiya wani zarto ba shi da amfani. Oddny ta koma ɓangarenta, ta tsaya a taga, ta ga Gunvor na jansa a ƙasa zuwa kan tudu. Ta ga ta durƙusa a gindin bishiyar, ta kafa haƙoran a jikin ɓawo, ta tura. Zarton ya lanƙwashe, ya yi kuka, ya tsalle ya fita. Ta sake. Ya sake fita. Yatsunta sun kumbura da ciwon gaɓɓai tun ba yau ba, ko mabuɗin akwati da hannu biyu take murɗawa. Ta sake kafawa, tana numfashi ta baki, gashinta ya warware, mace mai jikoki tana kokawa da ƙarfe kamar wadda ruwa ke ci.

Oddny ta ce wa kanta za ta je ta hana ta. Ta sa takalmi da wannan niyyar, ko aƙalla haka ta faɗa wa takalmin. Amma tun tana hawa tudun zuciyarta ta gama lissafinta ba tare da neman izini ba. In bishiyar ta tsaya, za a rufe akwati, Gunvor ba ta da sauran hujja, Eilif zai kwashe ta zuwa Bodø, bayan bangon nan ba sauran tari, ba sauran faɗa, ba sauran taku a kan tsakuwa. In bishiyar ta faɗi, bakin Eilif zai tafi, amma takun zai zauna.

"Gunvor, bari. Don Allah ki bari. Mutumin nan da gaske yake."

"Kama can."

"Ki bi mijinki. Ki je ki ga jikokinki. Me ya rage miki a nan in ba iska ba? Na'ura ta yi musu awon, su suka sani."

"Oddny, kama can."

"Za ki yi da-na-sani, ni na faɗa miki," in ji Oddny, kuma tana faɗa tana kallon hannunta yana naɗe mariƙin.

Zarton ya tuna aikinsa. Ja, saki, ja, saki, kamar lokacin da suke 'yan mata uban yana tsaye a kansu yana cewa kada a tura, a ja kawai. Farin gari ya fara zuba a kan takalmansu, ƙamshin ɗanyen itace ya tashi, ƙamshin da tsibirin bai sani ba. Kaisa ta rugo daga matsayar jirgi, ta tsaya nesa tana yarfa hannu.

"Ban ce yau ba! Ana iya jira, ku zauna ku yi magana, zan ce musu a ba ku lokaci!"

"Ba ke kika ce ba," in ji Gunvor, ba ta ɗaga kai ba. "Ai kin faɗa. Roƙo kike."

Hannun Oddny ya ɗaye, bayanta ya riƙe, ba ta saki ba. Can bishiyar ta yi wani nishi daga ciki, ta yi kamar tana shawara, sannan ta kwanta. Ba ta taɓa akwatin ba, ko ganye bai goge shi ba. Gunvor ta daɗe da sanin ɓangaren da za ta kayar da ita. A kan katangar Eilif ta faɗi, ta watsa duwatsun, jajayen 'ya'yan suka gangara har bakin hanya. Rana ta sauka a kan farin akwati har ido ba ya iya kallonsa. Ga fitila can, ga bakin mashigi, ga ruwa shimfiɗe har ƙarshen duniya.

Eilif ya fito cikin rigarsa ta zuwa coci, jaka a hannu. Ya hau tudun a hankali. Bai dubi matarsa ba. Ya tsaya a kan kututturen, ya taɓa farin wurin da yatsa, ya sunkuya ya tsinki curin 'ya'ya ɗaya ya sa a aljihu. Sannan ya dubi Oddny, ya dubi hannunta mai jini a kan mariƙi.

"Sannu da aiki," ya ce. "Yanzu sai kunnenki ya huta."

Ya gangara. Kaisa ta ce wa Gunvor za ta shaida wa ƙasashen tashar na nan daram, kuma ta faɗe shi kamar mai neman gafara. Ta rungumi jakarta ta bi bayan tsohon, ta bar rata a tsakaninsu. Jirgin ya yi kuka, ya ja baya, ya juya. A karon farko cikin shekaru masu yawa ana iya tsayawa a kan tudu a ga jirgi yana fita ta bakin mashigi, amma Gunvor ba ta tsaya gani ba. Ta mayar da zarto rumfa, ta rataye shi a ƙusarsa.

Oddny ta bi ta kicin ba tare da an gayyace ta ba. Faranti huɗu na kan tebur, kujerar Eilif na kife. Ta tayar da kujerar, ta ɗora ruwa a wuta, ta naɗe hannunta da tsumma, ta yi ta magana don shirun gidan ya fara taka mata ƙirji. Ta samu abin da take so, kuma ba ta iya kallonsa.

"Zai dawo, ki kwantar da hankalinki. Eilif ne fa. Ina zai iya zaman gidan suruki, inda ba a musu a tebur? Kafin kofin nan ya ƙare a gwangwani za ki ji shi yana zagin tsakuwa. Zauna ki sha wani abu."

Gunvor ta dubi agogon bango. Ta miƙe, ta zura rigar ruwa, ta ɗauki mabuɗi da fensir. Fuskarta ta yi wani haske da Oddny ta manta tana da shi, kuma wannan hasken ne ya fi ba ta tsoro a duk abin da ta gani ranar.

"Gunvor, ko yau ɗaya ki bari. Na ce miki zai dawo."

Gunvor ta buɗe ƙofa, iskar teku ta shigo kai tsaye, babu abin da ya tare ta. Ta juyo a bakin ƙofar.

"Wa ke zancen Eilif? Kashe wutar nan, tukunyar na hana ni ji. Yau in ɗana ya shigo mashigi, ni zan fara ganinsa."